Wat Daban, Yunit Daban: Yadda Kayan Gida Ke Shan Wutar Lantarki

Duk lokacin da kuɗin wuta ya zo da nauyi, ko yunit ɗin mita ya ƙare tun wata bai raba ba, ƙananan abubuwan da ido ke gani ake fara zargi. Sai ka ga maigida yana bi ɗaki-ɗaki yana zare caja daga soket, yana faɗa a kan ƙwan fitilar da aka bari a kunne a baranda. A daidai wannan lokaci hitar ruwan wanka tana can maƙale a jikin bango tun asuba, ba ta ƙara, ba ta haske, babu wanda ya waiwaye ta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin wutar da hitar nan za ta sha kafin ta ɗumama tankinta sau ɗaya ta isa a yi cajin wayar salula kullum har kusan wata uku.

Ba na ganin laifin maigidan. Wutar lantarki ba a ganinta, ba a ɗaga ta a ji nauyinta, sai dai a ga aikinta. Amma a ganina tushen ruɗanin shi ne ana cakuɗa tambayoyi biyu da ba ɗaya suke ba. Ta farko: nawa na'ura ke ja a lokacin da take aiki? Ta biyu: nawa ta sha idan aka tara tsawon yini ko wata? Amsar ta farko ita ke nuna ko wayar wutar gidanka da janareta za su iya ɗaukar na'urar. Amsar ta biyu ita ke fitowa a takardar biya, ita ce kuma ke ƙarar da batir. Na'ura tana iya zama gagaruma a tambaya ta farko ta zama ba komai ba a ta biyu, wata kuma akasin haka.

Ɗauki butar lantarki ka kifa ta. A gindinta za ka ga ɗan rubutu, ko a manne ko an zana shi a jikin robar, kamar haka: 220–240V, 50Hz, 2000W. Harafin W ɗin nan shi ne wat, ma'aunin saurin da na'ura ke jan wuta. An sa masa sunan James Watt ne, injiniyan nan ɗan Sikotilan da ya rayu daga 1736 zuwa 1819, wanda ya inganta injin tururi. Shi ne kuma ya yayata auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, don masu saye su gane dawakai nawa injinsa zai maye gurbi. Har yau ƙarfin doki ɗaya yana nufin kusan wat 746, kuma har yau da shi ake kiran girman injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki.

Wat kamar ƙarfin zubar famfo ne. Famfo mai ƙarfi idan aka buɗe shi na minti ɗaya, zai iya zubar da ruwan da bai kai na famfon da ke ɗiga dare da rana ba. Abin da mita ke ƙirgawa shi ne ruwan da ya taru a bokiti, wato yunit. Yunit ɗaya shi ne kilowat-awa ɗaya: wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Lissafin duka bai wuce wannan ba: a ninka wat da yawan awoyin aiki, a raba da 1,000. Dutsen guga mai wat 1,200 da aka yi aiki da shi rabin awa ya sha yunit 0.6. Fankar silin mai wat 70 da ta yi awa 12 tana juyawa ta sha yunit 0.84. Ga shi dutsen guga ya ninka fanka sau 17 a wat, amma a wannan yinin fanka ta fi shi ci. Idan kuma guga sau ɗaya ake yi a mako, fanka kuwa kullum, to a wata guga bai kai yunit 3 ba, fanka ta haura 25.

Idan mutum ya riƙe wannan, sauran bayanin ganin inda kowace na'ura ta faɗa ne kawai. Akwai kuma wata alama da ba ta cika kuskure ba: duk abin da aikinsa samar da zafi ne ko kawar da zafi, shi ne babban maci wuta. Abin da aikinsa haske ne, ko sauti, ko hoto, ko lissafi, ci kaɗan yake yi.

Dalilin da ya sa masu zafi ke ci haka yana cikin halittar ruwa. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta ƙara zafin digiri ɗaya, sai ta sha makamashin da ya kai wat-awa 1.16 (wat-awa 1,000 ne yunit ɗaya). Babu fasahar da za ta rage wannan, haka ruwa yake. Saboda haka tafasa lita ɗaya daga digiri 25 zuwa 100 yana buƙatar wat-awa 87, idan aka haɗa da ɗan abin da ke salwanta a jikin buta a ce yunit 0.1. Buta mai wat 2,000 za ta yi wannan cikin minti 3 ko makamancin haka, mai wat 1,000 kuma ta yi shi cikin minti 6, amma yunit ɗin da suka sha kusan ɗaya ne. Nan ne mutane da dama ke yin kuskure wajen saye, suna zaton buta mai ƙaramin wat ta fi tattali. Ba ta fi ba, jinkiri kawai ta fi. Tattalin yana wajen yawan ruwan da aka zuba. Wanda ke son kofi ɗaya ya cika buta fal, ya biya kuɗin tafasa kofi shida ko bakwai da za su huce a banza.

Yanzu a kai wannan lissafi banɗaki. Tankin hita mai lita 50, idan za a ɗaga zafinsa daga digiri 25 zuwa 60, sai ya sha yunit 2, wato awa ɗaya cur ga hita mai wat 2,000. Ba a nan ya tsaya ba. Idan aka bar ta a kunne, ruwan yana hucewa a hankali ta jikin tanki da bututu, ita kuma tana sake tashi tana mayar da zafin, ko da babu wanda ya buɗe famfo. Akwai kuma shawa mai ɗumama ruwa nan take, irin wadda ta yawaita a Birtaniya, da ke jan wat 7,500 zuwa sama da 10,000. Wankan minti 10 da mai wat 9,000 yunit 1.5 ne. Irin wannan ba a jona ta a soket, sai an ja mata waya mai kauri tata ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta.

Sauran 'yan wannan gida duk haka suke. Murhun lantarki kowane kai yana jan wat 1,000 zuwa 2,000, tanda ta lantarki 2,000 zuwa 3,000, na'urar busar da gashi 1,200 zuwa 2,000, hitar ɗumama ɗaki 1,000 zuwa 2,000. Maikurowef tana da wata 'yar dabara a rubutunta: lambar da ake tallatawa, kamar wat 800, ƙarfin da ke shiga abinci ne, amma abin da take ja daga bango yakan kai 1,200 ko sama. Duk da haka, don ɗumama abinci kaɗan ta fi tanda tattali nesa ba kusa ba, domin minti 3 take yi, kuma ba sai ta zafafa ƙarfe da iskar da ke kewaye ba. Injin wanki ma abin lura ne. Motar da ke juya tufafi ba ta wuce wat 300 zuwa 500 ba, amma idan aka zaɓi wanki da ruwan zafi, hitar da ke cikinsa mai wat kusan 2,000 ce za ta tashi, kuma ita ke cinye mafi yawan wutar wankin. Injin busar da tufafi kuwa yakan sha yunit 2 zuwa 4 a lodi ɗaya, aikin da igiya da iska ke yi kyauta.

Sai masu sanyi, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata, domin su ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Firij ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje. Ka sa hannu a bayansa ko a gefensa, ɗumin da za ka ji shi ne zafin da ya fitar daga abinci da ruwan da ke ciki, haɗe da na aikin injinsa. Shi ya sa buɗe ƙofar firij ba zai taɓa sanyaya ɗaki ba, sai ma ya ƙara masa zafi.

Injin da ke wannan aiki shi ne kwamfiresa, kuma a firij na gida yakan ja wat 100 zuwa 200. Da dare idan gida ya yi tsit, tsaya kusa da shi ka saurara. Za ka ji ɗan ƙas, sai gurnani ya tashi, ya yi 'yan mintuna, sai ya yi shiru. Wannan tashi da kwanciya shi ne sirrin lissafinsa. Firij a jone yake awa 24, amma kwamfiresa mai lafiya yakan yi aiki ne kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin lokacin. Mai wat 150 da ya yi aikin awa 8 a jimla ya sha yunit 1.2 a yini, yunit 36 a wata. Sababbin ƙira da yawa ba sa kaiwa yunit ɗaya a yini, tsofaffi kuma suna iya ninka wannan.

Abin da ke yanke hukunci shi ne tsawon lokacin gurnanin, kuma wannan yana hannun masu gida fiye da yadda suke zato. Firij da aka matse shi da bango har iska ba ta ratsa bayansa, ko aka ajiye shi kusa da murhu, ko inda rana ke dukansa, dole ya daɗe yana aiki. Haka idan aka sa masa tukunya da zafinta. Firiza da ƙanƙara ta yi wa kauri a bango ita ma wahala take sha, domin ƙanƙarar tana tare hanyar da zafi zai bi ya fita. Amma wanda na fi so a riƙa dubawa shi ne robar bakin ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka sa takarda a bakin ƙofar ka rufe, sannan ka ja. Idan ta zare salin-alin babu turjiya, to iska mai ɗumi ma ta nan take shiga dare da rana, kwamfiresa kuma ba zai huta ba. Firij da ka ji yana gurnani ba tsayawa, ciwo ne da shi, kuma kai ne ke biyan kuɗin jinyar.

Na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, firij ce babba da ta mayar da ɗaki ya zama cikinta. A gidan da ake kwana da ita, da wuya wani abu ya kama ƙafarta wajen ci. Wadda ake kira mai ƙarfin doki ɗaya tana jan wat 750 zuwa 900, mai ɗaya da rabi kuma 1,000 zuwa 1,300. A jikinta za ka ga wata lamba mai girma, kamar BTU 12,000. Wannan ba wutar da take ja ba ce, yawan zafin da take iya fitarwa ne a awa ɗaya, wanda ya yi daidai da kusan wat 3,500. A nan akwai abin sha'awa: da wat 1,000 da ɗoriya na lantarki take kwashe zafin wat 3,500, domin ɗaukar zafi daga nan zuwa can ya fi ƙirƙirarsa sauƙi. Duk da wannan ƙwarewa, awa 8 na aiki ba tsayawa yunit 8 ne ko fiye, idan tana samun hutu a tsakani a ce 5 ko 6. A wata ana maganar yunit 150 zuwa 240 daga na'ura ɗaya, wato abin da fanka shida zuwa tara za su sha.

Akwai ɗabi'ar da nake so a daina: shigowa ɗaki da zafi a danna rimot zuwa digiri 16 don a samu sanyi da wuri. A esi na gargajiya kwamfiresa gudu ɗaya gare shi, ko yana aiki ko ba ya yi. Lambar da ka danna ba ta ƙara masa sauri, tana gaya masa lokacin tsayawa ne kawai. Idan ka sa 16 a ɗakin da ba zai taɓa kaiwa 16 ba, ka umarce shi ke nan da kada ya huta har gari ya waye. A sa 24 ko 25, a haɗa da fanka, a rufe ƙofa da taga, a wanke matatar iskar idan ƙura ta toshe ta. Fanka ba ta rage zafin ɗaki, jikin mutum take sanyayawa ta hanyar busar da gumi, don haka fankar da ke juyawa a ɗakin da babu kowa asara ce tsantsa. Esi da firij masu fasahar inbata su ne ke iya rage gudun kwamfiresa maimakon kashewa da kunnawa, kuma a doguwar tafiya sun fi tattali. Kada dai a rikita wannan inbata da akwatin nan mai juya wutar batir zuwa ta gida. Suna ne ya zo ɗaya.

Fitila kuwa labarinta ya sauya a 'yan shekarun nan. Tsohon ƙwai mai zare, mai wat 60, a gaskiya hita ce da ke ɗan ba da haske, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Wanda ya taɓa kama shi da hannu bayan ya jima a kunne ya san wannan. Ƙwan LED mai wat 8 zuwa 10 yana ba da haske daidai da shi, kusan lumen 800, kuma lumen ɗin ya kamata a riƙa dubawa a kwali idan haske ake nema. Gida mai ƙwai 10 da ke kunne awa 6 a kullum, da tsofaffin zai sha yunit 108 a wata, da LED mai wat 9 kuma yunit 16. Farin LED bai samu ba sai da aka ƙirƙiro LED mai shuɗin haske, aikin da ya sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Faɗan da iyaye ke yi a kan barin fitila a kunne ya samo asali ne daga zamanin da yake da hujja mai ƙarfi. Yau ma kashe ta daidai ne, sai dai a gidan da ya koma LED ba nan ne yunit ke zurarewa ba.

Kayan kallo da na sadarwa ba su da dogon bayani. Talabijin na LED mai inci 32 yana jan wat 30 zuwa 50, mai inci 55 kuma 70 zuwa 120, gwargwadon hasken da aka ƙure masa. Kwamfutar cinya 30 zuwa 65, ta tebur 100 zuwa 200, ta masu wasannin bidiyo tana iya ninka haka. Wayar salula ita ce autarsu. Batir mai mAh 5,000 yana ɗauke da kusan wat-awa 19, don haka ko kullum ake cika shi daga sifili, a shekara guda ba zai kai yunit 10 ba. Esi a dare biyu ta shanye wannan. Tafasa lita ɗaya ta ruwa ya yi daidai da cajin waya sau huɗu ko biyar.

Amma kada a raina ƙanana gaba ɗaya, da yayyafi kogi kan cika. Shekara tana da awa 8,760, saboda haka duk wat ɗaya da aka bari yana aiki dare da rana yunit 8.76 ne a shekara. Na'urar rarraba intanet mai wat 10 tana shan yunit 88 a shekara, wato ta ninka cajin waya kusan sau goma. Dikoda, da tsohuwar na'urar sauti, da agogon jikin maikurowef, da duk abin da ke da ɗan jan haske yana jiran rimot, suna lasar wuta ko an ce an kashe su. Matsalar ta yi girman da Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙaddamar da shiri a 1999 na ganin an rage wannan ci zuwa wat ɗaya ga kowace na'ura. Tarayyar Turai ta mayar da shi doka, wat ɗaya daga 2010, rabin wat daga 2013 ga yawancin na'urori. Shi ya sa cajar zamani da aka bari a soket babu waya a jikinta kusan ba ta shan komai, tsofaffin kaya ne abin sa wa ido. Hannu ma ma'auni ne a nan: duk abin da aka kashe amma ka taɓa ka ji shi da ɗumi, wuta yake sha.

Mu koma tambaya ta farko, ta nawa ake ja a lokaci guda, domin ita ce ta shafi rai da dukiya. Wat yana fitowa ne idan aka ninka bolt da amfiya. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya kuma yawan wutar da ke gudu a cikin waya. A mafi yawan ƙasashen Afirka da Turai da Asiya wutar gida bolt 220 zuwa 240 ce, a Amurka da Kanada kuma 120. Buta mai wat 2,000 a kan bolt 230 tana jan amfiya 8.7. Filogi mai ƙafa uku irin na Birtaniya iyakarsa amfiya 13, wato kusan wat 3,000. To idan aka jona butar nan da dutsen guga mai wat 1,200 a kan doguwar waya ɗaya mai bakin soket da yawa, an kai wat 3,200, an wuce iyaka. Yawan bakin soket ba ya ƙara wa wayar ƙarfi, duk ta filogi ɗaya wutar ke bi. Zafin da waya ke yi kuma ba a hankali yake hawa ba: idan amfiya ta ninka sau biyu, zafin ninkawa yake sau huɗu. Filogin da ya yi zafi a hannu, ko bakin soket da ya fara yin baƙi, ko warin roba, gargaɗi ne da bai kamata a kwana da shi ba. Haka kuma fis, wato 'yar siririyar wayar da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, idan ya ƙone aikinsa ya yi. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya mai kauri ya cire mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Na'urori masu mota suna da wani halin na daban. A daƙiƙar da kwamfiresa ko injin jan ruwa zai tashi daga tsaye, yakan fizgi wutar da ta ninka ta aikinsa sau uku zuwa bakwai. Shi ne lokacin da za ka ga fitila ta ɗan dusashe ta dawo, ko ka ji muryar janareta ta nutse. Mita ba ta damu da wannan fizga ba, domin ba ta kai daƙiƙa biyu, amma janareta da inbata sun damu ƙwarai. Firij mai wat 150 yana iya neman wat 600 ko fiye a tashinsa. Sannan ƙarfin janareta sau da yawa da kVA ake rubuta shi, ba da kilowat ba, kuma a bisa al'ada ana ninka shi da 0.8 kafin a samu wat na zahiri. Mai kVA 2.5 ke nan wat 2,000 zai iya ɗauka, kuma ba a so a riƙa ƙure shi.

Mai batir da sola shi ne ya fi kowa buƙatar amsar tambayoyin biyu tare. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce. Idan na dalma ne, rabi ake so a sha don ya yi ƙarko, saura 1,200, inbata kuma ta ci kusan kashi 10 cikin 100 wajen juyawa. Fanka ɗaya da talabijin da ƙwai biyar na LED, wat 165 a haɗe, za su kai awa 6 da ɗoriya. Dutsen guga mai wat 1,200 kuwa zai shanye wannan kaso cikin ƙasa da awa ɗaya, yana jan amfiya sama da 100 daga batirin. Sau da yawa idan aka ce batir ba shi da kyau, ba a zauna an yi wannan ɗan lissafin ba ne.

Duk lambobin da na kawo matsakaita ne, kuma rubutun jikin na'ura yawanci iyakar abin da za ta iya ja yake nunawa. Gani ya kori ji, mitar gidanka za ta gaya maka gaskiyar kayanka. A fuskar mitar zamani akwai ɗan jan haske mai ƙiftawa, kusa da shi an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh, ma'ana ƙiftawa 1,000 ita ce yunit ɗaya. Ka kashe komai na gida, ka kunna abu ɗaya, ka ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin ƙiftawa biyu, sannan ka raba 3,600 da wannan adadi. Idan daƙiƙa 2 ce, na'urar tana jan wat 1,800. Idan daƙiƙa 36 ce, wat 100. Mitar da aka rubuta wa 1600 ko 3200 ƙiftawarta ta fi yawa, sai a ninka lambar mitar da daƙiƙoƙin, a raba 3,600,000 da abin da ya fito. Firij da esi, masu tashi suna kwanciya, ba a kama su da wannan hanya. Su sai an karanta mita yau, a sake karantawa gobe war haka, ko a sami ɗan ma'aunin nan da ake jonawa tsakanin filogi da soket a bar shi ya kwana yana ƙirga. Idan kuma ka kashe duk abin da ka sani amma jan hasken bai daina ƙiftawa ba, sai ka bi makunnan akwatin rarraba wuta ɗaya bayan ɗaya kana saukewa, har ka kai ga layin da ya sa shi ya yi shiru.